Shekarar da Mahaifiyarku Ta Zauna a Doguwa

Kun san mahaifiyarku ta yi ritaya daga jami'a ba ta kai matsayin farfesa ba, alhali waɗansu da ta koyar da su sun kai. Na sha jin kuna kawo dalilai a kan haka. Aminu ya taɓa cewa hassadar abokan aiki ce, Usman kuma yana ganin hidimar gida ce ta danne ta. Duk ba haka ba ne. Abin ya samo asali daga shekara guda, kuma a idona aka yi komai, don haka gara in rubuta muku tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

A lokacin ni malamin dabbobi ne, an tura ni Doguwa, sai ƙarshen mako nake zuwa gida Kano. Ita kuwa Rabi tana koyarwa a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, kuma abin da ta ƙware a kai shi ne damuwa, wato yadda nauyin rayuwa yake taruwa a kan mutum har ya hana shi barci, ya tayar masa da hawan jini, ya sa shi faɗa da iyalinsa ba gaira ba dalili. Ta daɗe tana bin malaman firamare da ma'aikatan jinya a Kano da Bebeji da Kiru, tana auna musu jini, tana tambayarsu yadda suke barci da yadda abinci yake shiga, ta dawo ta baje takardu a kan tabarma tana ta lissafi. Ajinta kullum a cike yake, ɗalibai har kan taga. Waɗansu sukan biyo ta gida da sunan gyaran rubutun bincike, sai ka ji an bar maganar bincike an koma ta uban da ba shi da lafiya ko auren da yake neman mutuwa. Tana da wani irin sauraro da ban taɓa gani wurin kowa ba. Ba ta katse mutum, ba ta gaggawar ba shi shawara, kuma ba ta jin tsoron shiru. Kakarku Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa gane aikin sosai ba, tana dai kiranta likitar da ba ta allura.

A wannan shekara ce hutunta na bincike ya zo, wata jami'a a Turai kuma ta gayyace ta ta je ta yi shekara guda a wurinsu. Duk wanda ya san aikin jami'a ya san abin da irin wannan tafiya take jawowa. Mutum ya dawo da rubuce-rubuce a manyan mujallu, sai ƙarin girma ya biyo baya. An gama shiri, har ta sayi rigunan sanyi a Kantin Kwari muna yi mata dariya.

Ana cikin haka ɓarayin shanu suka addabi rugagen da ke bakin daji tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Arɗo Buba, dattijo mai kamun kai wanda na daɗe ina yi wa shanunsa rigakafi. A kan babura suka zo da bindigogi, suka kore garken kakaf, ko ɗan maraƙi ba su bari ba. Bayan 'yan makonni, ranar kasuwa, sai ga shi a ofishina yana neman maganin ciwon hanta na shanu. Na san ba shi da saniya ko ɗaya, shi ma ya san na sani, amma ya tsaya yana jira. Na miƙa masa maganin ya tafi. Daga baya matarsa Dije ta gaya mini cewa kullum da safe sai ya je inda ake ɗaure shanun ya tsaya yana kiransu, ba ya barci, abinci sai an yi da gaske. An kai shi asibiti a Tudun Wada an ce jininsa ne ya hau, an ba shi ƙwayoyi. An kuma kai shi wurin Malam Idi, mai koyar da Alƙur'ani a ƙauyen da ke kusa da su, ya yi masa addu'a da rubutun sha, amma shi kansa malamin ya ce abin yana damunsa.

Da na zo gida na ba Rabi labarin kamar yadda mutum yake ba matarsa labarin wurin aiki. Sai ta ajiye takardun jarrabawar da take dubawa ta shiga yi mini tambayoyi. Yaushe yake farkawa, yana zuwa masallaci, yana hira da 'yan'uwansa, me yake yi in ya ji ƙara. Yawanci ban san amsa ba. Ta ce to za ta bi ni ranar Litinin ta gani da idonta.

A kan babur ɗina muka shiga rugar. Tun daga nesa muka ga yara sun watse cikin masara, mata sun sure jarirai sun shige bukkoki, Arɗo kuwa yana zaune a kan buzu jikinsa yana ta ɓari, gumi yana zuba. Ni da nake zuwa wurin tun da daɗewa ban lura ba, sai ita ta dafa mini baya ta ce in kashe injin. Ƙarar babur ce, irin wadda suka ji ranar da aka zo musu. Daga wannan rana ba ta sake shiga ruga da babur a kunne ba, a bakin rafi ake ajiye shi a ƙarasa a ƙafa. Ta wuni cikin mata, ta sha fura da nono, ba ta fito da takarda ko ɗaya daga jakarta ba. Ranar Juma'a muka kama hanyar Kano a mota, har muka wuce Kwanar Dangora. Nan ta ce mini ba Arɗo kaɗai ba ne, rugar ce gaba ɗaya ba ta da lafiya, kuma tana tunanin fasa tafiyar.

Da ƙaramar Sallah muka taru a gidan Inna a Bebeji, maganar ta fito fili. Yayanta Sule ya zo daga Kiru, kuma shi ne ya tsaya mata ta yi karatu bayan rasuwar mahaifinsu, don haka yana da bakin magana. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Rabi, tun yaushe kike jiran wannan damar? Mutanen nan suna da hukuma, suna da asibiti, suna da malamansu. Ke kaɗai ce mai tausayi a ƙasar nan?"

Ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba a gabansa.

"Yaya, abin da zan je can in karanta ga shi nan kusa da mu yana cin mutane. In na tafi, ban san wa zan tarar ba in na dawo."

Ni ma a raina na fi son ta tafi, na kuma faɗa, amma na ce zaɓi nata ne. Inna tana gefe tana jan carbi, sai da kowa ya gama ta ɗago.

"'Yar nan, aikin nan naki yana warkar da mutum, ko rubutu ne kawai?"

"Inna, gaskiya ban sani ba tukuna. Shi ya sa nake so in zauna in gani."

Inna ta ce to a bar ta ta je ta gano, Allah ya yi mata jagora. Yaya Sule ya tashi ya shiga motarsa ko abinci bai ci ba, ya daɗe kuma bai taka gidanmu ba. Ke kuwa Safiya, kina ajin ƙarshe na sakandare, tambaya ɗaya kika yi, ko Umma za ta kasance a gida lokacin jarrabawarki. Ta ce miki za ta kasance. Aka bar ku a Kano wurin Gwaggo Asabe, ita ta dawo ɗan gidan da hukuma ta ba ni a Doguwa.

Abin da ta fara yi shi ne zuwa gaida Malam Idi. Ta durƙusa daga bakin zaure ta yi masa bayanin aikinta, ta ce ba ta zo don ta ture nasa ba. Malam ya ce shi abin da ya lura da shi, mazan rugagen sun daina zuwa jam'i, domin Bafulatanin da ba shi da saniya kunyar haɗa ido da mutane yake yi. Suka shirya cewa bayan la'asar maza za su riƙa zama a zaurensa, ya yi musu nasiha, sannan ita ta yi magana daga gefe. Na halarci zaman da dama. Abin da ta fi nanata musu shi ne, jikin da ya ga tashin hankali yakan ci gaba da zama cikin shiri ko bayan haɗarin ya wuce, don haka bugun zuciya da firgita da rashin barci ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Wannan na ƙarshe shi ya fi yi musu nauyi, domin da yawansu suna ganin da suna da cikakken tawakkali da ba su shiga wannan hali ba. Malam ya mara mata baya, ya ce bayin Allah na gari ma sun yi baƙin ciki sun yi kuka. Ta koya musu jan numfashi a hankali, malam ya haɗa musu shi da tasbihi. Wanda ta auna ta ga jininsa ya hau da yawa, ta matsa sai an kai shi asibiti.

Tambayoyin da ta zo da su a rubuce, waɗanda aka tsara a ƙasashen waje, ba su yi mata amfani ba, domin suna tambayar mutum ne a kan ofis da shugabansa da hutun ƙarshen shekara. Ta ajiye su ta sake sababbi da kalmomin da ta ji a bakin mutanen, irin su zuciya tana tsalle, kai ya cika, jiki ya mutu. Ta koyi gaisuwa da Fulatanci, ta koyi kalmar munyal, wato haƙurin da Bafulatani yake alfahari da shi, ta ce mini wannan haƙuri shi yake riƙe su, shi kuma yake hana su faɗar abin da yake cinsu. Da safe tana wurin mata, tana taya su ɓarar gyaɗa. Sannu a hankali suka fara gaya mata abubuwan da ɓarayin suka yi musu, waɗanda ko mazansu ba su sani ba. Ta yi musu alkawarin cewa maganar ba za ta fita daga bakinta ba, ba kuma za ta fita daga alƙalaminta ba. Har ta koma ga Allah ni mijinta ban san ko ɗaya ba.

Ta sha wuya a shekarar nan. Da damina hanyoyin daji sukan lalace, mu tura babur cikin taɓo har gwiwa. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita har ta rame, ta tashi ta koma. Ga tsoro, domin ɓarayin ba su yi nisa ba. Arɗo dai ya fara samun sauƙi, yana ɗan barci, yana zuwa zauren malam. Wani ɗan'uwansa daga wajen garin Ƙofa ya aiko cewa zai ba shi aron karsana ya riƙe har ta haihu, kamar yadda Fulani suke yi wa wanda ya yi asara, amma Arɗo ya ƙi. Ya ce shanunsa za su dawo.

Ranar Juma'ar da za ta tafi Kano saboda jarrabawar Safiya, na rako ta tasha da safe, har an ɗora jakarta a mota. Sai ga Dije a ƙafa, ƙura har fuska. Ta ce wani ya gaya wa Arɗo an ga bijiminsa a cikin daji, ya ɗauki sanda da takobi ya fita tun asuba. Inda ya nufa kuwa nan ɓarayin suke. Na ce wa Rabi ta shiga mota, mu maza za mu neme shi. Ta tsaya riƙe da ƙofar motar, kwandasta yana ta yi mata magana. Ta ce ta san za mu same shi, amma in muka taru muka kamo shi kamar mahaukaci, ba zai sake ɗaga kai a cikin mutane ba, kuma gobe zai koma. Ta sa aka sauko da jakar. Ta kira ki a waya, Safiya, ina tsaye kusa da ita. Na ji kin ce to, kin kashe. Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta sa ta a jaka.

Muka bi sawunsa tare da Malam Idi da waɗansu maza daga rugar. Wajen azahar muka hango shi a gindin dutse, a bakin wani rafi, yana zaune a kan falalen dutse, ƙafafunsa duk ƙaya ta yayyage su. Ƙarfinsa ya ƙare. Mazan suka yunƙura za su je su riƙe shi, ta roƙe su su tsaya a baya. Ita da malam suka ƙarasa, ni ina biye a nesa kaɗan. Ta zauna a ƙasa, ta gaishe shi kamar a gida ta same shi. Ba ta ce masa ya tashi ba, ba ta tambaye shi me ya kawo shi ba. Cewa ta yi ita ba ta taɓa ganin shanun nan ba, ya gaya mata su. Can ya fara, yana kiran kowace da sunanta, da launinta, da uwar da ta haife ta, da halinta, wadda take harbi in ana tatsa, wadda ya gada daga mahaifinsa, wadda aka ba Dije ranar aurensu. Ni da na yi musu allura na gane da yawa. Malam ya ja mu salla a nan bakin rafi, muka idar ya ci gaba. Sai da rana ta karkata ya gama, hawaye yana bin gemunsa. Daga baya Dije ta ce tun da abin ya faru ba a taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Sai ya dubi Rabi.

"Malama, ba za su dawo ba ko?"

"Ban ga alama ba, Baffa."

"Kowa cewa yake za su dawo."

"Allah mai iko ne a kan komai. Amma ni ba zan gaya maka abin da ban sani ba. Abin da na sani, Dije tana bakin hanya tun safe, ko ruwa ba ta sha ba."

Ya miƙa wa malam takobin, ya dogara sandarsa ya tashi. Da ƙafarsa ya koma gida, yana gaba muna baya.

Ba ta tafi Kano washegari ba, domin ta ce kwanakin da suke biyo bayan irin wannan rana su ne mafi haɗari. Kullum tana rugar. Da ta ga ya natsu ta kama hanya, amma jarrabawar ta kusa ƙarewa. Kafin kaka Arɗo ya aika Ƙofa aka kawo karsanar. Bai sake tara garke irin na da ba, ya dai riƙe noma da 'yan shanu kaɗan, ya aurar da 'ya'yansa, ya rayu shekaru masu dama cikin hankalinsa da mutuncinsa.

Da ta koma jami'a ta rubuta abin da ta samo. Shugaban sashensu, mutumin kirki ne mai son ci gabanta, ya karanta ya ce ƙarfin aikin yana cikin abin da matan suka gaya mata, wanda ba ta sa a ciki ba, ta rubuta shi ta canza sunaye ta buga, duniya za ta karanta. Ta ce masa a ruga mai 'yan bukkoki kaɗan canza suna ba ya ɓoye kowa, kuma ko da yana ɓoyewa, ba haka suka yi da su ba. Ya yi ta lallashinta, ya ce ai faɗar abin zai amfani wasu matan a wasu wurare. Ta yarda cewa yana da hujja, ta kwana biyu tana juya maganar, amma ba ta canza ba. Abin da ta buga shi ne na awon jini da barci da kalmomin da mutane suke kwatanta damuwarsu da su, a ƙananan mujallu na gida. Masu duba ƙarin girma suka ce bai kai ba. Gayyatar Turai ba ta sake zuwa ba. Ta ci gaba da koyarwa, kuma duk shekara sai ta kwashi ɗalibanta ta kai su Tudun Wada da Doguwa, ta sa su zauna a ƙasa su saurari mutane kafin su buɗe littafi. Da yawansu yanzu suna aiki a asibitocin karkara da makarantu. Yaya Sule ma ya sauko daga baya, har shi yake kai su a motarsa wani lokaci.

Bayan ta yi ritaya, rashin lafiyarta ta ƙarshe ta fara, wata rana da yamma muna zaune a tsakar gida na tambaye ta ko tana da-na-sanin wannan shekara. Na ɗauka za ta yi maganar farfesa ko ta Turai. Ko kusa ba ta je nan ba.

"Malam, da za a mayar da ni tashar nan, jakar zan sake saukewa. Kuma ban taɓa daina jin zafin abin da na yi wa Safiya ba. Na yi mata alkawari na saɓa. Duka biyun suna nan tare da ni."

Na ce to me ya hana ta gaya miki haka. Ta ce in ta kawo miki labarin Arɗo, kamar tana cewa ne ba ki da hakkin jin haushi, alhali kina da shi. Yarinya ce ta shiga jarrabawa ba uwarta a gida, in ji ta, babu bayanin da zai mayar da wannan safiyar.

Safiya, kin ci jarrabawar, kin yi karatu, kin yi aure, kin yi jinyarta da hannunki har ƙarshe, amma na san ba ku taɓa buɗe wannan magana ba. Ba na rubuta wannan don in ce ki daina jin abin da kika ji ba ne, ita ma ba ta so haka ba. So nake ki san inda take a ranar, da abin da ya tsayar da ita, ki kuma san cewa ta tafi tana ba ki gaskiya. Allah ya haskaka makwancinta, ya ba ta natsuwar da ta yi ta nema wa bayinsa.